Malamata Mai Kalma Biyu

Jirgin ƙasa ya sauke ni a birnin da zan yi karatu da hantsi, sai dai hantsi ne wanda babu rana a cikinsa. Sama da ƙasa launi guda, kamar an jiƙa toka an shafe duniya da ita. Na tsaya a bakin tasha riƙe da akwatina ina kallon mutane suna wucewa, kowa da hayaƙi a bakinsa, na jima kafin na gane numfashinsu ne. Ƙasar Polan ke nan, a farkon sanyinsu.

Sunana Sada, haifaffen Ƙofar Guga a birnin Katsina. Malamin lissafi ne ni a wata kwaleji kafin na ajiye aikin na kama hanya. Na baro matata Murja a unguwar Kambarawa da 'yarmu Binta, wadda a lokacin take koyon tsayuwa.

Abin da ya kawo ni tsohon abu ne. Kawuna, Malam Iro, yana da zaure inda yake karantar da fiƙihu da nahawu, amma ni darasin da ya shiga raina tun ina saurayi shi ne manɗiƙi, ilimin auna magana, a gane wadda ta tsaya da ƙafafunta da wadda ta jingina da iska. Baitoci ne na Larabci ake rerawa, malami ya warware su da Hausa. Kawu ba ya ɗauko misali daga nesa. Sai ya ce, "Duk marini hannunshi baƙi ne. To juya mani ita." In ka yi gaggawa ka ce duk mai baƙin hannu marini ne, sai ya yi dariya ya tambaye ka labarin maƙeri. In ka tsira daga nan, sai ya ƙara tsuke ka: "Baƙin nan har abada ne, ko muddin yana rini, ko kuwa wani lokaci?" Kowace amsa da hukuncinta.

Da na yi nisa a boko sai na tarar su ma masu lissafi suna da nasu manɗiƙin, amma sun mayar da shi alamomi zalla, babu marini babu maƙeri. Tambaya ta zauna mani a rai, ta hana ni sakat: in aka zuba na zauren Kawu a cikin waɗannan alamomi, zai tsaya ko zai rushe? Na yi bincike, mutum ɗaya na samu da ta ba wannan tambayar rayuwarta, wata tsohuwar farfesa mai suna Halina. Na aika mata saƙo ba tare da na sa rai ba. Amsarta gajera ce. Ta ce ita littattafan ta karanta, kamar mai karanta rubutun da ke kan kabari, ni kuwa na ji su a bakin mai rai. Ta ce in zo.

Zangona na farko bai wanzu ba. Wani ɗan ƙasarmu da aka haɗa ni da shi ta waya, mai kiran kansa Injiniya, shi ya ce ya kama mani ɗaki, har da hoton gado da taga mai labule, na kuwa tura mashi kuɗin haya tun ina gida. Na bi adireshin ina jan akwati a kan duwatsun titi, na iso, na tarar shagon wankin kaya ne. Matar da ke ciki ta dubi takardar, ta dube ni, ta girgiza kai irin na wadda ta saba ganin haka. Na kira Injiniya, wayar ta yi ta ƙara. Na sake kira, aka kashe. Ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau.

Na zauna a kan akwatina a gefen titi. Abin mamaki ban ji fushi ba, wani irin nauyi na ji kamar na mai gyangyaɗi. Sai wani abu fari ya fara saukowa daga sama a hankali, babu sauti, kamar ana shiƙar auduga a can wani gida da ba a gani. Na buɗe tafin hannuna, ya sauka, ya narke. Da a ce cikin kwanciyar hankali na fara ganin dusar ƙanƙara, da wataƙila ban riƙe ta haka ba.

Lokacin azahar ne ya tashe ni. Na hango wani shagon gasa nama da ɗan rubutun Larabci a jikin gilashi, na shiga na yi sallama. Mai shagon dattijo ne Baturke, ƙato, mai farin gashin baki, sunansa Kamal. Ban roƙe shi komai ba sai alƙibla. Ya kai ni ɗakin ajiya, ya shimfiɗa mani kwali tsakanin buhunan albasa. Da na sallame na tarar ya ajiye mani shayi da burodi.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ina masaukinka?"

Na ba shi labari. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ni ma ranar da na zo, ɗan garinmu ne ya yi mani. Baƙo ba ya cutar baƙo sai ya san harshensa." Ya nuna bayan buhunan da haɓarsa. "Akwai katifa. Ka iya yanka albasa?"

A wannan ɗaki na yi sanyin farko. Ƙamshin albasar yana mayar da ni kasuwar gida, har wani lokaci in na farka ban buɗe ido ba sai in ji kamar ina jin masu kura suna neman hanya, sai ƙarar ƙaramin jirgin ƙasan da ke jigila cikin gari ta wuce ta share su.

Washegari na tafi jami'a da babbar rigata a ƙarƙashin kwat. Na tambayi ofishin Farfesa Halina, sakatariya ta kai ni wurin shugaban sashe. Mutum ne mai ladabi, mai sanyin murya. Ya ce kafin isowata da 'yan makonni ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Tana raye, amma magana ta tafi. Ya ce babu wani a sashen da ya san abin da take yi, balle ya karɓe ni. Ko in koma fannin kwamfuta, ko in koma gida. Ya ba ni zuwa ƙarshen sanyi in yi shawara.

Na fito na tsaya a kan gada ina kallon kogin da ya fara daskarewa daga gefe. Na tuna yadda unguwa ta taru ta yi mani addu'a, na tuna takardar barin aiki. Na kira Kawu. Bayan doguwar gaisuwa, ya tambayi sanyi, ya tambayi abinci, ya tambayi ko akwai masallaci, sannan na gaya mashi.

Sai na ji dariyarsa. Ya ce, "Sada, ka tahi neman magana ka iske marar magana? To ai ka dace. Mai yawan surutu bai koyar da manɗiƙi. Ka je ka gaishe ta dai. Ko ba karatu, ai marar lahiya ce."

Gidanta yana wajen gari, a bakin daji. Motar bas ce ke kai mutum, ta ratsa ta cikin wasu itatuwa dogaye masu farin jiki, sun jeru kamar maza a sahun sallar idi. Ɗumin motar yana sa ni gyangyaɗi, in riƙa ganin ganuwar Katsina tana tafiya tare da mu a tsakanin itatuwan, ja a cikin fari, da awaki a kanta.

Wadda ta buɗe mani ƙofa 'yarta ce, Marta, mace mai kimanin shekaruna, cikin rigar aikin direbobin jirgin cikin gari. Na faɗi sunana. Ta ce ta san ni, ta ga saƙonnina.

Ta ce, "Ba ta magana. Lissafi ya ci rabonsa a gidan nan, ya ci nawa ma. Ya isa haka." Ta rufe ƙofa.

Na koma bayan mako guda, ta sake sallamata. Na yi ta komawa, don ban san inda zan je ba in ba can ba. Wata ranar Asabar na iso na tarar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gidan har gwiwa, bas ɗin komawa kuma da saura. Tsayuwa wuri ɗaya kashe mutum take. Na ga shebur jingine da shinge, na ɗauka na fara kwashewa don jikina ya yi ɗumi. Ban iya ba, ina yi ina zamewa, har na faɗi zaune. Sai na ji an ƙwanƙwasa gilashin taga daga ciki. Wata 'yar tsohuwa ce take buga shi da yatsa. Can Marta ta leƙo.

Ta ce, "Shigo kafin ka mutu mana a ƙofa."

Na tarar da Farfesa Halina a kujera mai taya a gefen taga, an lulluɓe ta da bargo, ƙarama kamar yarinya, hannun dama a naɗe a cinyarta. Littattafai sun cika bango har rufi. Idanunta kaɗai ne ba su tsufa ba. Marta ta ce kalma biyu suka rage mata, "tak" da "nie", wato eh da a'a. A can babbar mace "Pani" ake ce mata, kamar yadda muke cewa Hajiya. Na durƙusa na ce, "Pani, ya jiki?" Ta dube ni kawai.

Duk jawabin da na shirya tun daga Katsina ya gudu. Sai na ji bakina ya kama baitocin nan na zauren Kawu, da irin karin da yake rera su, yana ja yana sassautawa. Ban san dalili ba. Ta lumshe ido. Yatsun hannunta na hagu suka fara bugun hannun kujera, daidai da karin, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Ta san baitocin sarai, ta shekara tana karanta su a takarda, amma ba ta taɓa jin sautinsu ba. Hawaye ya gangaro ta gefe guda na fuskarta.

Da na tsaya, sai ta nuna wani farin allo da likita ya kawo don koya mata rubuta sunanta, wanda Marta ta ce ta ƙi taɓawa. Aka miƙa mata. Da hannun hagu ta zana alamar da masu lissafi ke nufin "duk" da ita. Ta zana ta "wani" a ƙarƙashinta. Ta miƙo mani alƙalamin. Kalmomi sun tafi, amma alamomin suna nan inda ta bar su.

Marta ta tsaya a bakin ƙofa da butar shayi a hannu, ta manta da ita har ta huce.

Haka muka fara. In kawo hukunci ɗaya daga na Kawu, in faɗi misalinsa, in rubuta shi da alamomi. Ta duba. Yawanci "nie" take cewa. In goge, in sake. Wani lokaci yini guda a kan layi ɗaya, kalmar "muddin" kaɗai ta ci mana kusan wata. Ba ta iya gaya mani abin da na ɓata, sai dai ta ɗora yatsa a wurin ta bar ni da shi. Ran da ta fara ce mani "tak", na fito na wuce tashar bas ban sani ba, na yi ta tafiya a cikin fararen itatuwan nan ina magana ni kaɗai da Hausa.

Tarihinta a kicin na ji shi, a bakin Marta, muna feraye dankali. An haifi Pani bayan yaƙin duniya na biyu, a garin da ya zama kufai, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa. A jikin bangon rusassun gidaje ta fara lissafi da gawayi. Ta yi suna tun tana da ƙuruciya, ana gayyatarta ƙasashe. Sai a tsakiyar rayuwa ta juya. Ta ce ta gaji da gano abin da wataƙila wani ya riga ya gano ya mutu ba a sani ba, tana so ta san su wane ne. Ta koyi Larabci da furfura a kanta. Ta bi ɗakunan ajiyar tsofaffin littattafai a Fas da Alƙahira da Istanbul. Masu lissafi suka ce ta zama 'yar tarihi, masu tarihi suka ce 'yar lissafi ce, ta zama jemage, ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi. Ɗalibai suka daina zuwa. Mijinta ya tafi.

Marta ta ce, "Kakata ce ta raine ni. Ita kuwa hotunan masallatai take aiko mani. Na tsani mutanen nan da suka mutu tun tuni, don su take wa hira, ba ni ba." Ta jefa dankali a ruwa. "Yanzu ga shi ni ke yi mata wanka, kai kuma kai take wa hira."

Na ce, "Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ba laifinka ba ne. Tana cin abinci ranar da za ka zo."

Da ƙarshen sanyi ya matso, na gaya wa Marta wa'adin da aka ba ni. Ranar da zan ga shugaban sashe ina zaune a bakin ofishinsa sai na ji ƙarar taya a baranda. Marta ce cikin rigar aiki, ta turo uwarta, an sa mata kwat da hula, allon yana kan cinyarta. Malamai suka firfito daga ofisoshi. Wasu tsofaffin ɗalibanta ne, suka rasa inda za su sa idonsu.

Shugaban ya sunkuya ya ce, "Pani Farfesa, kin san aikin nan yana buƙatar mai duba shi sosai. Za ki iya?"

Ta ce, "Tak."

Ya fara wani bayani a kan dokokin jami'a, da lafiyarta, da cewa kada a ɗora mata nauyi. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ce, "Nie," da ƙarfin da sai da sakatariya ta zabura. Ta ɗaga allon. Aikinmu na wannan makon ne a kai. Ya karɓa don ladabi, ya fara karantawa a tsaye, sai ya jawo kujera ya zauna. Da ya ɗago ya ce shi zai sa hannu a takardu, ita ta riƙe karatun. Daga nan aka ba ni ɗaki a gidan ɗalibai. Na yi sallama da buhunan albasa, Kamal ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ya ce duk Juma'a abincina yana wurinsa.

Shekarun da suka biyo baya sun haɗe mani kamar mafarki guda. Azumi ya zo a lokacin da rana ba ta son faɗuwa, in yi ta kallonta a saman kogi kamar an ɗaure ta. Furanni su fito, ganye su yi ja su zube, fari ya dawo. Kewar gida ba ta zuwa da sallama. Wata rana a kanti na ga kuɓewa 'yan ƙanana a cikin leda, na tsaya a gabansu har mai gadi ya zo ya tambaye ni lafiya. Murja takan ɗora Binta a gaban waya ta ce, "Ga Abba nan, gaishe shi." Wata rana ta ce mani, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, "Malam, ɗiyarka fa wayar take ce ma Abba. Ko kai ne a ciki ko ba kai ba." Na yi dariya ni ma. Da muka gama na zauna a bakin gado na daɗe.

A cikin bas nake, da rana tsaka, a tsakiyar itatuwan, Murja ta kira. Ta yi gaisuwa gajera, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Malam, sai haƙuri. Kawu ya cika da sahe. Yanzu aka dawo daga kai shi."

Na yi salati. Na dubi mutanen motar, wata tana saƙa, wani yana barci. Babu wanda zan ce wa komai. Ban sauka ba, don babu inda zan sauka. Na isa gidan, na zauna a gaban Pani, ta turo mani allo, na kasa ɗaukar alƙalami. Na ce mata malamina ya rasu, wanda ya koya mani baitocin.

Ta janye allon ta kife shi a cinyarta. Ta fara buga hannun kujera da yatsunta, a hankali, da karin nan. Na gane abin da take so. Na fara rerawa, muryata tana karyewa. Na yi nisa, na iso tsakiyar babin juya magana, sai baiti ya ɓace mani. Na koma baya na sake tahowa, na sake tsayawa a wuri ɗaya, kamar jakin da ya ga rami. Da can in haka ta faru waya nake ɗauka in kira Ƙofar Guga. A nan ne mutuwar ta shige ni. Na sunkuyar da kai na yi kuka kamar yaro a gaban matar da ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba.

Na ji ƙarar alƙalami a kan allo. Ta daɗe tana fama. Da ta juyo mani shi, harafi ɗaya ne na Larabci, a karkace, kamar na mai koyon rubutu. Harafin farko na baitin ne. Na dube shi, sauran suka biyo shi da kansu, na kai babin har ƙarshe.

Aikin ya kammala a shekarar da ta biyo. Amsar tambayata ita ce, na zauren Kawu ya tsaya. Malaman da suka tsara shi ba su da alamominmu, amma ba su yi tuntuɓe ba, har akwai wuraren da suka bambanta abin da mu muka haɗe. Aka tara malamai suka yi mani tambayoyi, suka tafa, aka ce na zama dakta. Kamal ya rufe shago ya zo da tiren nama har cikin jami'a.

Ana gobe zan taso na kai mata kundin, an ɗinke shi da baƙin bango, sunanta da na Kawu a shafin farko. Na zaci za ta shafa shi ta ajiye. Sai ta sa Marta ta riƙe mata, tana buɗewa da hannun hagu, shafi bayan shafi, har shayinmu ya huce. Can wajen ƙarshe ta tsaya. Ta ɗora yatsa a kan wani layi.

Ta ce, "Nie."

Na ce, "Pani, an riga an karɓa. Malamai sun duba."

Yatsan bai motsa ba. Na sunkuya na karanta. Na sake karantawa. Gumi ya keto mani. Daga wannan layi zuwa na ƙasansa na yi tsalle, na ɗauka abu ne bayyananne, alhali ba a tabbatar da shi ba. Bai rushe aikin ba, amma rami ne, kuma duk mun wuce ta kansa ba mu gani ba, har da ita a karon farko. Na ɗago a firgice. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take, da rabin fuska, har da tari. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Marta ma ta kama, ba ta san abin da ake wa dariya ba. Haka muka rabu. Na durƙusa na yi mata godiya da Hausa, doguwa, irin wadda ake wa iyaye, ta ɗora hannunta a kan hulata.

Na dawo Katsina. Binta ta ɓuya a bayan zanen uwarta, sai da aka yi kwanaki kafin ta yarda in ɗauke ta. Na samu aikin koyarwa, ina karantar da lissafi da tarihin manɗiƙi, ɗalibai kaɗan ne ke zaɓar darasin, ban damu ba. Ranar Alhamis nakan zauna a zauren Kawu da 'yan tsirarun da suka rage, mu rera baitocin. Da damina ta biyu bayan dawowata Marta ta aiko mani cewa Pani ta rasu a kujerarta, tana fuskantar taga.

Ramin nan kuwa ya zauna tare da ni shekaru. In ɗauko shi in ajiye. Na gwada ta gaba, na gwada ta baya. Har Binta ta shiga sakandare, furfura ta fito mani a gemu. Wata ranar Asabar bayan la'asar, an ɗauke ruwan sama, ina zaune a tsakar gida a Kambarawa ina kallon yadda ruwa ke ɗiga daga indararo, ba na tunanin komai, sai hanyar ta buɗe, gajera, mai sauƙi har abin ya ba ni kunya. Na rubuta ta a tsaye. Na duba, na sake dubawa. Ramin ya toshe.

Na ɗauki waya da sauri, sai na tsaya da ita a hannu. Mutum biyu ne a duniya da wannan labari zai faranta wa rai, duka suna ƙarƙashin ƙasa.

Murja tana tsince shinkafa a faranti. Ta dube ni ta ce, "Malam, lahiya? Mi ya samu?"

Na ce, "Na gama abin nan."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ci gaba da tsintarta, can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To ka kira ɗiyar malamar taka mana."

Na kira. Marta ta ɗauka, ina jin ƙarar titi a bayanta, ta tashi daga aiki ke nan. Muka gaisa, ta tambayi Binta. Na ce mata wurin nan da mahaifiyarta ta ɗora yatsa, na gyara shi.

Ta ce, "Ranar Lahadi zan je kabarinta, zan kai furanni, in haɗa mata da wannan. Tsaya in sami abin rubutu." Na ji tana lalube a jaka. "To, faɗa mani. Ban san ko ɗaya daga cikin alamomin nan ba, sai ka gaya mani kamannin kowace. A hankali, Sada."

Na gyara zama a kan tabarma, na fara daga layin farko.